Wai motata ce mushe

Kwalbar tana nan gabana bisa tebur. Tsohuwar kwalbar ruwan sha ce, mai lita ɗaya da rabi. Sama isansi ne, ƙasa ruwa ya kwanta kaurin yatsa biyu, can gindi kuma wata baƙar laka. Abin da na biya jika 10 aka ɗura mini a mota ke nan, kuma saboda shi yau yaron da na haifi kamarsa ya yi mini wankin babban bargo a gaban mutane, nan cikin garin Tawa.

Wata biyu tsohuwar Corollata tana wasa da hankalina. Yau ta tashi lafiya lau, inji na kaɗawa kamar agogo. Gobe in na tsaya a mararraba sai ta kama kakkarwa kamar mai masassara, in na ba ta wuta ta yi tari, ta shaƙe, ta fizga, sannan ta saki kamar ba ita ba. Abin haushin, ranar duk da na kai ta gareji sai ta koma amarya, ko motsi. Makaniki ya saurara, ya dube ni, ya kira ni yadda ake kiran malamin lakwal, ya ce, "Mushe, ai motarka ƙalau take." Na farko dai don kada in tafi hannu rabbana ya canza mini buji huɗu. Na biyu ya rantse bobin ce ke yanke wuta in ta yi zafi, na saya. Na uku mai na'ura ne, ya jona, ya daɗe yana kallon allo, ya ce inji na tsallake wuta. To ai wannan ko matata ta sani, tun da ita ke zaune gefena yana jijjiga ta. Aka wanke injakta, aka sa sabon filtir. Jika 60 da ɗoriya sun tafi daga albashin malamin lakwal, kuma mako bai zagayo ba ta mace mini a hanyar Ƙonni, gab da Badagishiri, da tsohuwata a baya da rana tsaka.

Wani dattijon makaniki ne ya raba gardama, shi kuwa ko kapo bai buɗe ba sai da ya gama yi mini tambayoyi. Yaushe take yi, da sanyin safiya ko in ta yi zafi? Na ce ba ta zaɓe. Bayan na sha mai ko kafin? Na yi shiru ina lissafi, sai na ga duk rashin kunyarta kwana ɗaya ko biyu ne bayan na sha mai. In ta faɗa gargada fa? Na ce nan ta fi hauka. A ina nake sha? Wuri ɗaya, shekara da shekaru, don ni mai gudun man kwalba ne. Ya yi murmushi, ya kwance tiyon da ke kai mai ga inji, ya zura shi a kwalba, ya ce in murza makulli. Ya ajiye kwalbar a inuwa, muka sha shayi. Kafin a zuba na biyu, mai ya rabu gida biyu.

Ya ce ruwa ya fi isansi nauyi, don haka can ƙasan tanki yake kwanciya, famfon mai kuma daga ƙasa yake zuƙa. Wani lokaci ya zuƙo mai, wani lokaci ya zuƙo ruwa, in mota ta girgiza su gauraye. Shi ya sa ciwon ke zuwa yana tafiya, shi ya sa kuma na'ura ba ta ganin komai sai alamarsa. Ya ɗiga na saman a farar takarda ya bar ta a iska. Isansi na gaske bushewa yake ya ɓace. Wannan ya bar tabon maiƙo, wato har da wani abu mai nauyi a ciki, kananzir ko gazuwal. Aka sauke tanki aka wanke, aka sake canza filtir ɗin da bai yi kwana goma ba, aka zuba mai daga wani wuri. Tun ranar ko atishawa ba ta sake yi ba.

Yau da hantsi na ɗauki kwalbata na nufi gidan man. Wallahi ba rigima ta kai ni ba. Zato na yi ko ruwan damina ne ya sulala musu cikin tankin ƙasa ba su sani ba, in faɗa musu su duba. Na yi sallama. Jeran ɗin, wato mai kula da gidan man, yana kishingiɗe a kujerar roba, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana latsa waya. Ya amsa da hanci. Na ajiye kwalbar a gabansa, na ce, "Ɗana, ga abin da aka hiddo daga motata, kuma nan kaɗai nika shan mai."

Bai ɗago ba tukuna. Sai da ya gama kallon abin da yake kallo, ya yi dariyarsa ta ishe shi, sannan ya kai ɗan yatsa ɗaya ya ture kwalbar gefe, kamar an ajiye masa kashin kaji.

"Mi ab wanga?"

Na sake maimaitawa, a hankali, yadda nake yi wa ƴan aji ɗaya.

"Kana da takarda?"

Takarda! Shekara nawa ina sha a nan, wa ya taɓa miƙo mini takarda? Tamma ɗayan da ke saura a kan kowace lita ma wa ya taɓa maido mini? Na ce ya tambayi yaron famfo, ya san ni, ya san motata. Yaron ya sunkuyar da kai, ya duƙufa goge famfon da ba ƙura a jikinsa.

Sai jeran ya miƙe, ya gyara agogo, ya leƙa ta bayana ya ƙare wa motar kallo tun daga fitila har lamba. Ya ɗaga murya don ƴan kabu-kabun da ke layi su ji da kyau: "Mushe, gaskiya ɗaya ta, motarka ma mushe ta. Ka kai ta a yi gwangwan. Wa ya sani ko daga randar gidanka ka ɗebo ruwan?"

Aka kwashe da dariya. Har da wani da nake ji da kunnena babur ɗinsa na tari irin na motata. Na ce, to mu tafi yanzu a tsiyayo daga famfonku a kwalba, a ajiye minti goma gaban kowa. Ya ce famfo ba na gwaji ba ne, in zan saya in saya, in ba zan saya ba in matsa ina tare layi. Ya koma kujerarsa ya ɗauki waya. Allah ya ba ka haƙuri ma bai haɗa ni da shi ba. Madalla da tarbiyya. Mu muka koya musu ƙidaya, ga shi sun iya, har sun san lita nawa ta ruwa ke shiga cikin ɗari ba a gane ba.

Amma shi ɗin me ya dame shi? Ya san ba inda zan kai shi. Wane ofishi talaka zai shiga da kwalba a hannu a auna masa mai? Wa ya taɓa ganin an tsaya a gidan mai da rana an tsoma sanda a tankin ƙasa an duba ruwa a gaban masu saye? In ana yi, to a ɓoye ake yi, mu dai sakamakon muke gani a gareji. Takardun mota kuwa, wannan an iya dubawa, sau uku tsakanin Tawa da Tsarnawa.

A 2011 aka buɗe matatar Damagaram, aka ce ganga 20,000 a rana, muka yi guɗa mun zama ƙasa mai arzikin mai. Aka shimfiɗa bututu kusan kilomita 2,000 daga Agadem har bakin teku a Benin. Ashe duk shekarun nan man Najeriya da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya ne ke rufa mana asiri. Da suka cire tallafi a watan Mayun 2023, asirin ya fara tonuwa. A 2024 aka rage mana lita daga 540 zuwa 499, muka yi tafi. Watan Maris na 2025 ga mu a layi muna kwana cikin motoci, a ƙasar da ke sayar wa duniya ɗanyen mai. Tun lokacin mai famfo ya gane shi ne sarki, mu kuwa ko fitsarin jaki ya ɗura mana godiya za mu yi. Farashi an sa masa ido, abin da ke cikin litar kuma an bar wa Allah.

Mu ma da namu. Waɗanda suka yi mini dariya, gobe su ne a gareji suna canza bujin da ba ta yi laifin komai ba, suna cewa sammu aka yi wa babur. Da mutum biyar cikin layin nan sun ce a tsiyayo a gani, da yaron nan bai koma kujerarsa ba. Sai dai kowa na tsoron a ce man ya ƙare in layi ya zo kansa.

Da zan komo gida na tsaya wurin wani ɗan ruwa-ruwa a bakin hanya, irin waɗanda na yi shekaru ina yi wa ɗalibaina huɗuba a kansu. Ya ce, "Sannu Baba, lita nawa?" Na ce ya miƙo kwalbar tukuna. Na ɗaga ta a rana na juya, na duba gindinta, na ɗiga a hannu na jira ya bushe. Yaron yana tsaye da mazurari da ƙyallen tacewa, bai ce mini uffan ba. Na ce ya zuba biyar.