A yi wa jemage adalci

Jama'a, wai me jemage ya tsare mana ne? Da an gan shi sai a hau neman dutse. Laifinsa bai wuce munin fuska da yawon dare da kwana kai a ƙasa ba. Wasu ma cewa suke yana shan jini, alhali cikin nau'o'in jemagu sama da 1,400 guda 3 kacal ke shan jini, su ma a yankin Latin Amurka suke. Kuma ba makaho ba ne, yana gani sarai.

Sauran fa? Mafi yawansu ƙwari suke ci, dare duk suna farautar abin da ke cinye amfanin gona, ba sisin manomi. Amurkawa sai da suka rasa su suka san darajarsu. A 2006 wata cutar fumfuna ta ɓulla a kogunan jemagu a jihar New York, ta bazu ta kashe miliyoyi. Binciken da mujallar Science ta wallafa a 2024 ya nuna cewa a yankunan da jemagun suka mutu, feshin maganin ƙwari ya ƙaru da kusan kashi 31 cikin 100, mutuwar jarirai kuma ta ƙaru da kusan kashi 8. Ni wannan lissafin na ƙarshe ne ya tsaya mini a rai.

Masu cin 'ya'yan itace kuwa su ne masu shukar daji. Furen kuka da dare yake buɗewa, jemage ne ke yi masa barbara. A Zambiya, daga Oktoba zuwa Disamba, miliyoyinsu kan taru a gandun dajin Kasanka, su ci nan su yar da iri can nesa, inda ba wanda zai kai shi.

Na san za a ce ai suna ɗauke da cututtuka. Gaskiya ne, akwai Marburg, wato zazzaɓi mai sa zubar jini, akwai cutar haukan kare. Amma ta hanyar kama su da fiɗarsu da kutsawa makwancinsu ne cuta ta fi samun mutum. Ka gan shi, kada ka taɓa, ka bar shi inda yake.

Abin da ke damuna shi ne yawancin jemagu ɗa ɗaya suke haifa a shekara, ba kamar ɓera ba. A sare bishiyar da suke kwana ko a cinna wuta a kogonsu rana ɗaya, sai an yi shekaru kafin su farfaɗo, in ma sun farfaɗo ke nan.