Hoton Zuhal da aka ce mini haɗi ne

Daren jiya a fadarmu nan Tawa, shayi na biyu yana kan gawayi, na miƙa wa wani ƙanena salula don ya ga hoton duniyar Zuhal da zobban da suka kewaye ta. Ya duba, ya ja hoton da yatsu biyu, ya maido mini. Ya ce, "Yaya, wannan ai haɗi ne, kwamfuta ta zana shi." Aka koma hirar ƙwallo. Ni kuwa da maganar na kwana, shi ya sa nake wannan dogon rubutu, ku yi haƙuri da ni.

Ban ga laifin yaron ba. Kullum ana turo mana hotunan ƙarya a WhatsApp, wanda maciji ya sara kuwa in ya ga tsumma sai ya gudu. Kuma yana da rabin gaskiya: duk hoton da ka ga kumbon da ya ɗauko hotunan shi kansa yana shawagi gaban Zuhal, zane ne, don babu wanda ya tsaya can gefe ya ɗauke shi. Abin da ya dame ni shi ne shakkarsa ta tsaya a "ƙarya ce", ba ta ƙarasa ga "to yaya aka yi?" ba. Alhali daɗin labarin duk yana cikin wannan tambaya.

Kumbon sunansa Cassini, aikin haɗin gwiwa tsakanin hukumar NASA ta Amurka da ta Turai da ta Italiya. An harba shi ranar 15 ga Oktoba 1997, bai isa Zuhal ba sai tsakiyar 2004. Kusan shekara 7 a hanya. Manyan idanunsa kyamara biyu ne, ɗaya mai faɗin gani, ɗaya mai zuƙo nesa. Kowacce tana ɗaukar ɗigo 1024 a tsaye, 1024 a kwance, wato megafiksel 1 kacal. Salular da ƙanena yake taƙama da ita ta ninka wannan sau da yawa. Ƙari a kan haka, baƙi da fari suke ɗauka.

To launin daga ina? A nan ne mutane suke cewa an kama su. Cikin kowace kyamara akwai faifai masu juyawa ɗauke da gilasan tace haske, 24 a mai zuƙowa, 18 a mai faɗin. Sai a ɗauki wuri ɗaya sau uku: ta gilashin ja, ta kore, ta shuɗi. In hotunan sun iso duniya a ɗora su kan juna, launi ya fito. Salularka ma launukan nan uku take haɗawa, sai dai ita a ɓoye take yi cikin ƙiftawar ido. Idan wannan haɗi ne, to hoton bikinka ma haɗi ne. Akwai kuma waɗanda ake ƙara wa launi da gangan don bambanci ya fito fili, su ma ana rubutawa a ƙasansu cewa an ƙara.

Gilasan nan su suka fi burge ni, kuma mu mutanen Adar ya kamata mu fi kowa gane amfaninsu. Mun san hazo. Mun san ranar da za ka tsaya bakin hanya ba ka hango mota sai ta zo dab da kai. Titan, babban watan Zuhal, haka yake lulluɓe da hazo ruwan goro shekara da shekaru, ba ya washewa. Kumbunan Voyager da suka gifta a 1980 da 1981 hazon kawai suka gani. Masu ƙera Cassini sai suka sa gilashin da ke barin wani irin haske da idon mutum ba ya gani, wanda yake ratsa hazon. Da shi aka hango fuskar Titan, wurare masu duhu da masu haske. Na'urar rada kuma ta nuna tafkuna, amma ba na ruwa ba, na iskar gas da sanyi ya mayar ruwa-ruwa. Har da tuddan rairayi jere-jere, kai ka ce hanyar Agadas ce.

Sai Enceladus, ɗan ƙaramin watan Zuhal mai faɗin kilomita 500 ko kusa, fari fat da ƙanƙara. A 2005 aka ɗauke shi rana tana bayansa, sai ga feshi yana tashi daga kudancinsa. Ka taɓa lura da ƙurar da ba ka gani a ɗaki sai hasken rana ya shigo ta kafar taga? Dabarar ke nan. Daga wannan feshi aka bi diddigi har aka tabbatar akwai teku mai gishiri a ƙarƙashin ƙanƙarar. Kyamarar ba ta canja ba, masu ita ne suka san inda za su tsaya da lokacin da za su duba.

Kuma fa ba danna maɓalli ake yi a ga hoto ba. Saƙo daga Zuhal yana cin fiye da awa 1 kafin ya iso manyan faranta da ke Kalifoniya da Sifen da Ostareliya. Tawagar hotuna, ƙarƙashin wata masaniya mai suna Carolyn Porco, tun da wuri take tsara kowane ɗauka. A haka aka tara hotuna sama da 450,000 kafin a tura kumbon ya ƙone cikin iskar Zuhal ranar 15 ga Satumba 2017, don kada wata rana ya faɗa kan Enceladus ko Titan ya gurɓata su.

Ɗanyun hotunan, baƙi da fari, da tabo-tabonsu, suna nan a intanet kyauta. Abin da ke ci mini rai ke nan. Yaranmu na lakwal suna haddace sunayen duniyoyi don jarrabawa, ba wanda ya taɓa nuna musu ko ɗaya. Malamin da ke da salula zai iya buɗe hotuna uku na ja da kore da shuɗi, ya bar yara su gano da kansu yadda launi ke fitowa. Darasin haske ke nan sukutum, ba a sayi komai ba sai kuɗin intanet.

Yau da dare zan koma fada da wani hoton. Ranar 19 ga Yuli 2013 Cassini ya shiga inuwar Zuhal, ya waiwayo, ya ɗauki duniyarmu daga nisan kusan kilomita biliyan 1 da rabi. Ɗigo ce shuɗiya a ƙarƙashin zobban. Cikin azumi ne, wajen ƙarfe 10 da rabi na dare agogon Nijar, an sauko daga asham, Zuhal tana sama ta wajen yamma. Zan tambayi ƙanena ko ya tuna inda yake a wannan dare.