Su Wa Ke Wanke Yaran Bayan An Tashi Taro?

Duk 3 ga Disamba, ranar masu buƙata ta musamman, sai ka ga an kafa rumfa, wani babba ya zo da buhunan shinkafa da kekunan guragu, a ɗauki hoto a watse. Haka ma 2 ga Afrilu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ma masu lalurar galahanga tun 2007. Ban ce ba su kyauta ba, Allah shi saka. Amma ku duba hotunan nan da kyau jama'a, ba za ku taɓa ganin matar da ke wanke ma yaron kashi ba, tana can baya ta riƙe shi kar shi ɓalle da gudu saboda ƙarar lasifika.

Akwai wata ƙaramar makaranta nan cikin Sakkwato da nike kai ɗan ƙanwata. Bai magana, shekarunsa sun kai na firamare amma ko ruwa yake so sai dai ya ja hannunka zuwa bakin randa. Baiwar Allah da ke kula da ajinsu ta san shi fiye da mu wallahi. Ta san in ba cikin kwanonsa shuɗi anka zuba abinci ba bai ci, ta san kafin a tada janareta sai ta ja shi kuryar ɗaki ta toshe mai kunnuwa, in ya fara buga kai da bango ba ta tsawa, zama takan yi ƙasa ta sa tafin hannunta tsakanin goshinsa da bangon har shi huce. Na ga shatin cizo ga hannunta, na ce sannu Malama, ta yi dariya ta ce ai yau da sauƙi. Cikin zafin Afrilu ke nan fa, wanda ko mai lafiya haƙurinsa ƙarewa yake.

Irinta suna da yawa, a makarantar masu buƙata ta musamman ta A.A. Raji da ke nan Sakkwato, a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, da gidajen da kaka ko yaya ce ta ajiye rayuwarta don yaro guda. Kuma mutanen gari ba su bar su sun huta ba, wanga ya ce ɗan ruwa ne, wancan ya ce aljanu ne a kai shi ruƙiyya, har ita mai aikin a riƙa yi mata kallon wadda ta rasa abin yi.

A Ingila har bikin ba da lambar yabo ake shirya ma masu aiki a gidajen kula da irin waɗannan bayin Allah, a kira sunan ma'aikaci a tafa mai. Mu nan lambar yabo ta mai babbar riga ce. Buhari ya sa hannu ga dokar hana nuna ma masu naƙasa bambanci a Janairun 2019, an kafa masu hukuma ta ƙasa a 2020, to amma takarda ba ta ba yaro abinci a baki.

Ni dai in za a karrama su a fara da albashi. Mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 ne tun 2024, duk mai makaranta ko gidan kulawa shi tambayi kansa nawa yake ba mai reno, kuma ran nawa ga wata. Sannan a tura su kwas, a ƙara hannu yadda mutum zai samu hutun ko kwana guda.

In an zo zaɓen wanda za a ba kyauta kuma kar a bar ma ofis, a tambayi iyayen yara. Su sunka san wa ke kiransu da dare ta ji ko yaron ya samu barci.