Kada a sa wa shaida magana a baki

A shekarar 1974 wasu masana biyu a Amurka, Elizabeth Loftus da John Palmer, sun nuna wa ɗalibai fim ɗin hatsarin mota, sannan suka tambaye su gudun da motocin suke yi. Kalma ɗaya tak suka riƙa sauyawa a cikin tambayar. Waɗanda aka ce wa motocin sun "ragargaji juna" sun ƙiyasta fiye da mil 40 a awa, waɗanda aka ce wa sun "taɓa juna" suka ce kusan mil 32. A gwaji na biyu, bayan mako guda, an tambaya ko sun ga fasasshen gilashi. Mutum 16 cikin 50 na rukunin kalma mai zafi suka ce sun gani, alhali babu gilashin ko kaɗan a fim ɗin.

Duk mai bincike mai zaman kansa da lauya ya tura ɗauko bayanin shaida ya kamata ya san wannan kafin ya ƙwanƙwasa ƙofar kowa. A ganina ba a auna gwanintarsa da yawan abin da ya kawo wa lauya. Ana auna ta da ko ya kawo maganar mutum yadda take, bai gauraya ta da tasa ba.

Aikin yana farawa daga takardu: rahoton 'yan sanda, bayanan asibiti, hotunan wurin. Daga nan ake fitar da sunaye. Sai a taka zuwa wurin, a rana da lokaci irin wanda abin ya faru, domin mai shagon da yake buɗewa da asuba da direban da yake bi ta hanyar kullum sau da yawa ba sa cikin rahoton kowa. Jinkiri yana da tsada. Cikin 'yan makonni shaidu sun tattauna da juna, sun ji labarin a rediyo, abin da suka gani da abin da aka gaya musu sun cakuɗe.

Idan an sami mutumin, sai mai bincike ya faɗi sunansa da ɓangaren da yake wa aiki, ya kuma sanar da shi cewa ba dole ba ne ya yi magana. Shigar burtu a matsayin ɗan sanda laifi ne, kuma yana zubar da darajar duk abin da aka samo. Ana zama da shaida shi kaɗai. Miji da mata ma ɗaya bayan ɗaya. Tambayar farko buɗaɗɗiya ce: gaya mini abin da ya faru, daga farko har ƙarshe. Daga nan sai shiru. Wannan shirun shi ne ya fi wuya, don yawancin masu tambaya suna katse mutum tun bai yi nisa ba. Tsarin tambaya da masana halayyar ɗan Adam Ronald Fisher da Edward Geiselman suka ɓullo da shi a shekarun 1980, da wanda 'yan sandan Ingila suka ɗauka a farkon shekarun 1990, duk a kan wannan suka ginu.

Bayan ya gama ne ake bin zancen daki-daki. A ina kake tsaye? Taku nawa tsakaninku? Akwai haske? Tsawon wane lokaci ka kalle shi, kuma akwai abin da ya tare maka gani? Ka san shi da ma? A ba shi takarda ya zana wurin da hannunsa. Ba a cewa "jar riga ce, ko?", sai dai "wane irin kaya ya sa?". Kowace jimla kuma a rarrabe ta: wannan da idonka ka gani, ko ji ka yi? Ji-ta-ji-ta na iya kai mai bincike ga wani shaidan, amma kotu ba ta cika karɓarta ba. Wanda ya ce bai ga komai ba shi ma a rubuta nasa, saboda idan ya zo kotu bayan shekara biyu da cikakken labari, takardar nan ce za ta yi magana.

Wajen rubutu ake yawan ɓarna. Dole a sa kwanan wata, lokaci, wuri da sunayen waɗanda suke zaune. A rubuta da kalmomin shaidan, har da "ina jin" da "ban tabbata ba". A karanta masa, duk inda ya gyara ya sa hannu a gefe, ya sa hannu a kowane shafi, kada a bar fili a ƙasa. Naɗar murya ta fi aminci, amma a nemi izini a ji shi cikin muryar: a jihar Kalifoniya, alal misali, doka ta hana naɗar zancen sirri sai kowa ya yarda. A shari'ar laifi kuwa gara a je mutum biyu, domin shaida na iya cewa daga baya an tsorata shi. Kuɗi ban da na mota da ɗawainiyar zuwa, ko alkawarin wani alheri, ya isa ya jefa mai binciken kansa cikin tuhuma.

Abin ya shafe mu kai tsaye. A manyan kotunan Najeriya, ƙarar da ba ta laifi ba ana shigar da ita ne tare da rubutaccen bayanin shaidu bisa rantsuwa. Tunda majalisar dattawa ta yi watsi da ƙudirin ba masu bincike masu zaman kansu lasisi a 2024, aikin nan ya ci gaba da zama a hannun ƙananan lauyoyi da akawunan ofis. Manomi ya ba da labarin iyakar gona da Hausa, a zuba shi cikin Turancin lauyoyi, ya dangwala yatsa. Ranar zama lauyan ɗaya ɓangaren ya titsiye shi a kan kalmar da bai taɓa furtawa ba, sai ya daburce, alƙali ya ɗauke shi maƙaryaci. Mutumin bai yi ƙarya ba; takardar ce ba tasa ba.

Kotunan Ingila sun ga wannan matsala, kuma tun 2020 ƙa'idarsu ta ce a rubuta bayanin shaida da harshensa, sannan a haɗa da fassara. Manyan alƙalan jihohinmu ne suke fitar da ƙa'idojin kotunansu, don haka ba sai an jira Abuja ba. Su wajabta cewa wanda ya yi magana da Hausa a shigar da bayaninsa na Hausa tare da na Turanci, da sunan tafinta da sa hannunsa, da sunan wanda ya yi tambayoyin da ranar da ya yi su.