Kusko: Gindin Bango Na Inka, Samansa Na Sifaniyawa

Jama'a, duk wanda Allah ya kai shi Peru ya mai da Kusko, tsohon babban birnin daular Inka da Sifaniyawa suka ci da yaƙi, zangon kwana ɗaya, gari na wayewa ya ruga neman jirgin ƙasan Machu Picchu, kangon garin Inka da ke kan dutse, to ya yi asarar rabin kuɗin tafiyarsa. Na san masu hotuna a kan dutse za su ji haushina. Su ji.

Garin ma da kansa ba ya barin mutum ya yi gaggawa. Yana can ƙuryar tsaunukan Andes, tsayin wajen mita 3,400 daga teku. Jos ɗin nan da muke yi wa kirarin tudu ba ta kai rabin haka ba. Ranar da na sauka, matakala goma na taka na tsaya ina haki kamar wanda kare ya biyo, kai na sara. Mutanen gari na kiran wannan ciwon soroche, maganinsu kuwa shayin ganyen koka da kwanciya. Dolen da ta sa na riƙa tafiya a hankali ita ta sa na fara kallon bango.

Akwai wani lungu, Hatun Rumiyoc. Daga ƙasa zuwa sama da kan mutum, manyan duwatsu ne aka sassaƙa aka haɗa bakinsu, babu siminti babu laka, ko reza ba ta shiga tsakaninsu. Ɗaya daga ciki kusurwa 12 gare shi, kowace ta zauna daram da maƙwabciyarta. Ka ɗaga kai kaɗan, sai aikin ya canja: farin shafe, tagogin katako, ginin Turawa. Gindin fadar wani sarkin Inka ne, samansa fadar babban bishop. Haka za ka yi ta gani a tsohon garin.

Mai yi mana jagora ya ce wai wannan shi ne auren al'adu biyu. Ban tanka masa ba, abincinsa yake nema. Amma in aure ne, to auren dole ne, kuma wannan kalmar ta masu tallan yawon buɗe ido tana ci mini rai. A 1533 Francisco Pizarro, jagoran mayaƙan Sifaniyawa, ya shiga Kusko, bayan ya kashe sarki Atahualpa a Cajamarca, alhali sarkin ya tara musu zinariya da azurfa don fansar kansa. Korikancha, ɗakin bautar rana mafi girma a daular, an ɓamɓare zinariyar da ta lulluɓe bangonsa aka narka, aka ɗora cocin Santo Domingo a kansa. Ganuwar Sacsayhuaman da ke saman gari kuwa ta zama wurin ɗiban dutse kyauta. Duk wanda zai ɗauku sun kwashe sun gina gidaje da coci. Abin da ya rage shi ne wanda ya fi ƙarfinsu, wasu sun haura tan 100.

Dandalin tsakiyar gari, Plaza de Armas, inda baƙi ke shan kofi a baranda suna ɗaukar hoto, a nan aka sare kan Tupac Amaru, sarkin Inka na ƙarshe, a 1572. A nan kuma, a 1781, aka ɗaure Tupac Amaru na biyu, wanda ya jagoranci tawaye ga Sifaniyawa, a jikin dawakai huɗu don su yayyaga shi, bayan an kashe matarsa Micaela Bastidas a gaban idonsa. Wane irin biki ne wannan?

Kada wani ya ce na mai da Inka waliyyai. Su ma da yaƙi suka kafa daularsu, daga kudancin Kolombiya ta yau har tsakiyar Chile, suna tayar da ƙabila guda daga ƙasarta su kai ta wani wuri. Shi ya sa wasu, irin su Kanyari da Wanka, suka mara wa Sifaniyawa baya. In bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga.

Amma dai dutsen ya rama. A girgizar ƙasar 1950 cocin Santo Domingo ya lalace sosai, bangon Inka da ke ƙarƙashinsa ya tsaya cak, har wuraren da aka daɗe da rufewa suka bayyana. Ba tsafi ba ne. Bangonsu na ɗan kishingiɗa ciki, ƙofofinsu ƙasa da faɗi sama a tsuke, duwatsun kuma na motsawa su koma mazauninsu.

Mutanen ma haka. Je ka kasuwar San Pedro ka ji mata masu sayar da dankali iri-iri suna ciniki da harshen Kecuwa, harshen da sarakunan Inka suka yi mulki da shi. A babban cocin dandali kuma akwai zanen Marcos Zapata, ɗan yankin, na abin da Kiristoci ke kira jibin ƙarshe. A tsakiyar teburin, cikin faranti, ya kwantar da wata 'yar dabba ƙafafu sama, wadda kusan kowa ke cewa kuy ce, ɓeran Masar ɗin da suke gasawa ranar biki. An kawo mini shi a wani gidan abinci da haƙoransa a waje, na ce a ba ni miyar dankali.