Robar daidaita haƙora ba ta dare kaɗai ba ce

Na gaji da jin ana cewa robar nan mai garai-garai, irin su Invisalign, da dare kawai ake sa ta. Na gane dalili: tunda ana cire ta, mutum sai ya ɗauka sa'o'in barci sun wadatar.

Ai haƙori sannu a hankali yake matsawa cikin ƙashin muƙamuƙi, kuma sai an danne shi ba ƙaƙƙautawa. Shi ya sa likitoci ke cewa a sa ta awa 20 zuwa 22 kullum, a cire don cin abinci da goge baki.

Wanda ya cire ta don shayin safe, ya manta da ita a aljihu har la'asar, haƙoransa sun fara komawa. Idan mako biyu suka cika aka zo canza masa robar da wata, sabuwar robar sai ta ƙi zama daidai.