Ranar da Randa ta Kayar da Ni

Laifin wayar salula ne. Na ga wani Bature ya karkata kofin da ba komai a ciki bisa kyandir, wutar ta mutu nan take, sai na rantse yaran gidanmu na Birni za su ga wannan da idonsu.

Abin ba wuya. Duk macen da ta taɓa jefa kanwa a ruwan tsamiya ta san kumfar da ke tasowa. Iskar cikin kumfar nan ita ce CO2, irin ta lemon kwalba. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi kamar sau ɗaya da rabi, shi ya sa take kwanciya a gindin kwano sai ka ce ruwa, har a tsiyaye ta. Wuta kuma ba ta ci a cikinta.

Gwajin farko a kofi ya yi kyau. Kyandir ya mutu, yara suka yi kabbara, autana ya ce, "Baba, ashe kai boka ne?" Da na tsaya nan da na tashi da mutuncina.

Ina! Kai ya kumbura. Na faki idon uwargida ta shiga maƙwabta barka, na kwashe tsamiyar kununta duka, da kanwar da ta ajiye, na juye a tsohuwar randar da ke zaure. Iskar hunturu tana ta kaɗawa, sai na rufe ƙofa da taga, wai kada ta kwashe mini kaya. Na ɗaura guntun kyandir a waya na zura a randa. Bai kai rabi ba ya mutu. Na sake, ya sake mutuwa. Yaran unguwa suka cika zaure, ni kuma ina ta bayani kamar mushen lakwal, wato malamin makaranta: a 1986 irin wannan iska ta taso daga tafkin Nyos a Kamaru, ta gangara kwaruruka da dare, ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobinsu. "Saboda haka," na ce, ina kaɗa yatsa, "kada wanda ya kai hancinsa bakin randar nan."

Kaɗa yatsan ke da wuya, hulata ta sulale ta faɗa ciki. Sabuwar hula, ta Sallah. Ban yi shawara da kowa ba na cusa kai har wuya, na kuwa ja numfashi.

Jama'a, kamar an hura mini barkono a hanci. Ƙirji ya ɗaure, ido ya yi duhu, zauren ya fara juyi. Na ja baya na zauna daɓas cikin kumfar da ta malalo, ina tari ina haki kamar ɗan kokawar da aka kayar a zagayen farko. Yara suka watse suna ihu aljanin randa ya shaƙe Baba.

Wani tsoho maƙwabcinmu, wanda ya yi shekaru yana haƙar rijiya, shi ya banko ƙofa ya ja ni waje. Da na farfaɗo na soma yi masa bayanin CO2, sai ya katse ni. "Yaro, mu kafin mu shiga tsohuwar rijiya fitila muke zurawa. In ta mutu, ba mai sauka. Kai taka ta mutu sau biyu, ka bi ta da kai."

Uwargida ba ta ce uffan ba sai da ta leƙa kwandon tsamiya. Ta dube ni, ta dubi wandona da ya jiƙe sharkaf, ta miƙo mini kwandon.

"Malam, Kasuwar Dole ba ta tashi ba tukuna."

Haka na tafi, da jiƙaƙƙiyar hula a kai, ƙudaje na rakiya.